Fim ɗin da Na Sa a Makokin Baba

Edita, ni ba marubuci ba ne, a aji biyu na sakandare na ajiye biro, saboda haka in ka ga kuskure ka gyara, amma kar ka taɓa min maganata. A lokacin da abin nan ya faru ina da gidan kallo a Kafanchan, can bayan layin dogo, rumfar kwano ce da bencuna da babbar talabijin. Ina da ƙarfi, ina da baki, kuma na ɗauka duk garin babu wanda ya san fim kamar ni. Tun ina ƙarami na kamu da fim ɗin Indiya, irin na da, mai tsawon nan, wanda jarumi zai sha wuya tun yana goye har ya yi gemu kafin ya rama. Ban iya yarensu ba, ban kuma taɓa buƙata ba, ido da kiɗa sun ishe ni. Har gobe ina nan a kan bakana, wanda bai san wannan ba bai san fim ba.

Masu zuwa kallo kuwa, Allah na tuba, yawancinsu kallon tumaki nake yi musu. 'Yan acaba ba su da magana sai na Canis, mutum ɗaya ya daki gari guda yana tsalle kamar fara, su kuma suna ihu. Mata su aiko a sa na Hausa, wanda ba komai ba ne illa na Indiya da aka wanke shi har ya koɗe, ana rawa a gindin mangwaro da muryar da aka matse a na'ura. Ɗaliban jami'a su zo suna taunar Turanci, wai a sa na Turawa inda motoci ke fashewa, alhali rabin abin da ake faɗa ba sa ji. Amma wanda ya fi ƙona min rai shi ne fim ɗin mayu, inda mace za ta rikiɗe ta koma akuya, hayaƙi ya tashi, wuta ta fito daga ido kamar yaro ne ya zana da alli, a ƙarshe fasto ya yi addu'a kowa ya faɗi. Ba addinin kowa nake zagi ba, aikin ne na banza.

To irin wannan fim ɗin shi ne ran abokina, wanda muke gidan kallon tare. Kirista ne, mutumin wani ƙauye a wajen Fadan Kagoma, iyayensa manoman citta. Janareta nasa ne, rumfa da talabijin nawa. Tsarinmu rana ɗaya tawa, rana ɗaya tasa, mai rana shi zai rubuta fim a allon ƙofa, ɗayan ya ja bakinsa. Babu wanda ya taɓa jan bakin. In ranata ce zai leƙo ya ce Ɗan Indiya, yaushe mutanenka za su gama kuka mutane su tafi gida, ƙato da gashin baki yana bin mace yana zagaya itace cikin ruwan sama, wai shi ne fim. In ranarsa ce in ce Sarkin Mayu, yau akuya za ta zama ko kaza. Ina yi masa dariyar Hausarsa da ba ta raba shi da ita, shi kuma yana yi min dariyar Turancina. Wannan mutumin, lokacin da gari ya rikice, shi ya ɗauke talabijin ɗina ya ɓoye a ƙarƙashin gadonsa. Wani karon shi da matarsa a ɗakin mahaifiyata suka fake. In na je ƙauyensu Mama ba ta bari in dawo sai da ƙullin citta da doya, Baba kuma da kansa yake kawo min kaza in yanka da hannuna don in ci hankali kwance. Abin da rikici bai raba ba, ni na raba shi da faifan fim.

Baba ya rasu da tsufansa. A wurinsu in tsoho ya cika kwanakinsa jana'iza taro ce babba, dangi su zo daga Jos da Kaduna da Abuja, a ci a sha, matan zumunta na coci su yi waƙa. Abokina ya same ni ya ce Mama ta roƙi abu ɗaya, bayan an binne, kafin baƙi su watse, a sa fim ɗin da Baba ya fi so. Ya miƙo min faifai a leda, ya ce shi baƙi za su riƙe shi, ni zan kula da kallon. Na duba bangon, fim ɗin coci ne na Hausa irin wanda ake yi a Jos, ga tsoho da fartanya, ga wata mata da jajayen idanu. Na ce masa yanzu a gaban mutanen birni zai sa wannan shara. Ya yi murmushin gajiya ya ce Ɗan Indiya, wannan ba ranarka ba ne, ba ranata ba ne, ranar Baba ne, ka sa kawai. Na ce to.

Na ce to, amma da zan fita sai na zura nawa faifan a ɗaya aljihun. A raina ina cewa mutanen nan ba su taɓa ganin fim na gaske ba, ga wanda na fi so a duniya, labarin ɗa ne da ya rasa ubansa, me ya fi wannan dacewa da makoki. Har na hango su suna share hawaye suna gode min. Na san fim ɗin kamar tafin hannuna, na san abin da ke farkonsa. Amma na kalle shi har na daina ganin abin da ake yi a wurin, ni dai a wurina nan ne kiɗa ya fi daɗi.

Bayan la'asar aka taru a ƙarƙashin tamfol. An binne Baba a bayan gida, ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba. Mama na gaba a kujerar roba, matan zumunta da ankonsu sun kewaye ta. Abokina ya tayar da janareta ya tafi raka wasu baƙi bakin hanya. Na zura faifaina. Da kiɗa ya tashi wani kawunsu ya tambaye ni ko wannan ne na Baba, na ce ya zauna ya gani, wannan ya fi. Ba a jima ba aka kashe uban jarumi. Aka naɗe tsohon da farin ƙyalle, aka ɗora shi a kan tarin itace, ɗan ya zagaya da wuta a hannu. Ni kuma, kamar yadda na saba a gidan kallo, na miƙe tsaye ina bayani da ƙarfi, ina cewa ku duba, yanzu zai cinna wa ubansa wuta daga wajen kai. Wuta ta kama. Sai a lokacin na lura babu mai motsi. Mama ta juya wurin matar da ke kusa da ita, ba da ƙarfi ba, ta tambaya me tsohon ya yi musu da za su ƙona shi. Ta dafa gwiwa ta tashi, ta nufi bayan gida wajen kabarin, matan suka bi ta. Sai janareta ya mutu. Na waiga, abokina ne tsaye, hannunsa a kan makunnin.

Samarin gidan sun so su taɓa ni, ya ce baƙonsa ne, kowa ya koma. Ya tambaye ni ina faifan da ya ba ni. Na zaro shi daga aljihu, yana nan a ledarsa ko kwancewa ban yi ba. Ka san abin da na faɗa a wurin, Edita? Ban ce ya yi haƙuri ba. Cewa na yi ai ba su bari an kai wurin ramuwa ba, da sun gane fim ɗin. Ya karɓi ledar ya ce na gode, Malam. Tunda muke bai taɓa ce min Malam ba. Ya tsayar min da acaba da kansa.

Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara ba, aikowa kawai ya yi aka ɗauki janaretansa. Sai 'yan gulmar gari suka karɓi zancen. Mutanenmu suna cewa ai gara da aka rabu, dama me ya haɗa ni da su. Nasu suna cewa da gangan na yi don in wulaƙanta gawar Kirista. Duka ɓangarorin biyu na raina su, mutanen da ko kuskuren wawa ba za su gani ba sai sun sa masa rigar addini, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa ɓoye wa wani talabijin a ƙarƙashin gado. Ni kuma na zauna ina jiran ya huce ya zo, kamar shi ya yi min laifi. Da na je daga baya ya karɓe ni, ya ba ni ruwa, ya ce ya wuce, Malam. Gidan kallo ya mutu, gidajen kallon ƙwallo da waya suka ƙarasa shi. Yanzu ina gefen kasuwa da 'yar kwamfuta ina tura wa mutane fim a waya. Mai akuya, mai tsalle, mai rawar mangwaro, duk abin da aka ce shi nake turawa, bakina a rufe.

Kwanakin baya matarsa ta zo da memori. Ta ce Mama na kwance, ido ya tafi, tana so ta ji fim ɗin nan, faifan kuma ya karce. Na nemo shi da ƙyar, na ce bari in duba ko yana da kyau kafin in tura, sai na kalle shi har ƙarshe. Ba zan yi ƙarya ba, shara ne. Sandar ɗaukar murya tana leƙowa daga sama, mayyar ma dariya take dannewa. Amma a tsakiya akwai wani tsoho da ya dawo daga gona, ya zauna a kan turmi yana rera wata waƙar coci a hankali. Waƙar da Baba yake yi ce in yana shanya citta, na sha jin ta a bakinsa. Ita Mama take so ta ji ranar da ta binne mijinta. Da na tambaya sau ɗaya me ya sa wannan fim ɗin, da an gaya min.

Ga masu karatu, musamman irina masu ganin su kaɗai suka san abu mai kyau, ban ce ku so abin da ba ku so ba. Ni ma ban canza ba, na Indiya na da ya fi, in mutu a kan haka. Amma in mutum ya ce ga fim ɗin da yake so, ba lallai fim ɗin yake nufi ba, wataƙila akwai wani nasa a ciki wanda kai ba za ka gani ba. Ka raina a cikinka in ka ga dama, amma ka sa masa abin da ya ce. Na tura wa Mama fim ɗinta. Jiya abokina ya wuce ta gaban teburina da buhunan citta a keke, ya ɗaga min hannu ya ce Mama ya gode, Malam.