Yadda Aka Leƙa Mahaifar Aina'u

Aina'u 'yar goggona ce, wato taubashiyata, don haka duk abin da na faɗa a kanta ba gulma ba ce, zumunci ne.

An haife ta a wani ƙauye gabas da Ringim. Aure ya kawo ta Dakata, mijin ya rasu ya bar ta a nan da 'ya'ya huɗu. Tun daga lokacin take aiki a wani sito a Bompai, inda mata ke gyaran zoɓo da riɗi kafin a ɗura a buhu a loda wa tirela. Aikin zama ne a kan tabarma, faifai a cinya, a tsince tsakuwa da kara tun safe har la'asar. Tafin hannunta ya yi ja har ya daina komawa yadda yake, masu ƙunshi na unguwa sun daɗe da cire rai da ita.

Abin da aka san ta da shi dauriya. Mata da yawa suna daure naƙuda, amma Aina'u ta mai da abin sana'a. Duk haihuwarta huɗu, kukan jariri kawai maƙwabta suka ji. A ta uku ma an ce sai da ta kwashe tuwo ta rufe, ta shiga ɗaki, ta fito tana tambayar wa ya taɓa mata murfi. Wata rana a sito basilla ta shige mata tafin hannu ta ɓullo ta baya. Ta duba ta ga zaren bai tsinke ba, ta ƙarasa ɗinke buhun. Ni ban gani ba, amma wanda ya ba ni labarin ya ga buhun.

Wannan hali ya jawo mata suna, ya jawo wa sauran mata wahala. Duk wadda ta ce wa Garba mai kula da ma'aikata kanta na ciwo, sai ya yi nuni da haɓa ya ce, "Ga Aina'u can." Wadda ta fi shan wannan haɓa ita ce Hannatu, wato Maman Daniel, mutuniyar Zonkwa, wadda tabarmarta ke manne da ta Aina'u shekara da shekaru. Hannatu ba ta yarda ciwo ya ratsa ta a ɓoye ba. Ko sauro ne ya cije ta sai mai gadi ya sani. Jakarta kuwa kemis ce, lasisi kawai ya rage. Ranar da haƙori ya sa ta hawaye, Aina'u ko kai ba ta ɗaga daga faifai ba ta ce, "Maman Daniel, wannan fa haƙori ne. Da haihuwa ce sai an kira 'yan kwana-kwana." Mata suka yi dariya. Hannatu ta haɗiye, ta adana.

To, da shekaru suka ja, lokacin da ya kamata al'ada ta yi wa Aina'u sallama ya yi, sai ta ƙi tafiya. Jini ya ɗauke yau, jibi ya dawo, har ta rasa ranar da za ta yi salla da ranar da za ta bari. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta sha saiwa, ta sha sassaƙe, ta sha zoɓo don ƙarin jini tunda a kansa take wuni. Ran nan ta miƙe za ta juye faifai, sito ya juya mata, aka tsince ta kwance a kan tarin zoɓo. Da ta farfaɗo ta ce hutawa take yi. Garba ya ce ta je ta ƙarasa hutun a asibiti.

A asibiti aka yi mata hoton ciki. An ga wani abu a mahaifa, amma hoton bai faɗi ko mene ne ba. Likitar, wata mai gilashi da ba ta wuce sa'ar Sumayya babbar 'yar Aina'u ba, ta ce sai an leƙa. Ta faɗi sunan aikin da Turanci, sunan ya fi aikin tsawo, sannan ta dawo Hausa.

"Mama, ba yanka ba ne. Wani siririn bututu ne, bai kai kaurin biro ba, da fitila da kyamara a bakinsa. Ta hanyar da ɗa ke fitowa za a shigar da shi, a zuba ruwa kaɗan mahaifar ta buɗe, mu ga cikinta a talabijin. In tsiro ne mu cire, ko mu ɗan gutsuro a kai gwaji. Kafin shinkafa ta dahu an gama."

"Wace shinkafar? 'Yar Hausa ko 'yar gwamnati?"

Likita ta ce ta zaɓi wadda ta fi saurin dahuwa. Ta kuma gaya mata gaskiya: jini irin wannan a shekarunta sau da yawa ba wani abu ba ne, amma wani lokaci abu ne da ake so a kama tun yana ƙarami, don haka ba a barinsa. Sai ta zo kan batun zafi.

"Wasu ko a jikinsu. Wasu kamar ciwon mara na al'ada suke ji. Wasu kuma yana yi musu zafi sosai, kuma ba a gane wace ce wace sai an fara. Akwai ƙwayar da za ki sha kamar awa guda kafin a yi. Akwai allurar da ake yi a bakin mahaifa ta kashe wurin. In kin fi so kuma, a yi miki allurar barci, ki farka an gama. Sai dai ita wannan da yunwa ake zuwa, kuma dole ki zo da babban mutum da zai mai da ke gida ya zauna da ke."

Aina'u ta dube ta daga gilashi har takalmi.

"'Yata, kin haihu?"

"Tukuna."

"To ni huɗu."

"Allah ya raya. Amma Mama, ba ma raba lambar yabo a nan. Ko ana cikin yi kika ce a tsaya, za a tsaya."

Ta karɓi ƙwayar don kada ta kunyata yarinyar, ta ƙulle a bakin zani, a nan ta zauna har aka wanke zanin.

Ranar aiki aka kwantar da ita, aka ɗaga mata ƙafafu, aka rufa mata ƙyalle. Nas ta tambaya ko ta sha ƙwayar, ta ce ta yi abin da ya kamata. Allurar ma ta ce a ajiye wa mabuƙata. Da farko ba komai, sanyin ƙarfe ne da kunya. Da bututun ya isa bakin mahaifa sai wani abu ya murɗe ta tun daga mara har ƙeya. Ita naƙuda ta san ta: takan zo ta tafi, ta ba mutum sararin haɗiye yawu, a ƙarshe kuma a miƙo ɗa. Wannan zuwa ya yi ya zauna, kuma babu abin da za a miƙo. Ta kafa wa silin ido, ta damƙe ƙarfen gado. Ƙarfen nan har yau a lanƙwashe yake, masu asibitin ne ba sa so a yi maganar.

Nas ta ga gumi na tsiyaya, leɓe ya yi fari, ta taɓa likita. Likita ta zare bututun.

"Ban ce a tsaya ba," in ji Aina'u, da muryar da ita kanta ba ta gane ba.

"Na sani, Mama. Fuskarki ce ta ce. Bakin mahaifar ya tsuke, in na matsa wahalar da ke zan yi a banza. Sai da barci. Ki zo da wani."

A nan gizo ya yi saƙa. Sumayya na aure a Maraɗi, samarin biyu suna Legas, autar na makarantar kwana. Dangi kam ga mu nan cike da Dakata kamar tireloli, amma duk wanda ta kira sai ta gaya masa dalili, dalilin kuwa shi ne an gwada Aina'u ta kasa. Ni dai ta san in na ji, kafin magariba an ji a Ringim. Sai ta yi shiru, jini kuma bai yi shiru ba.

Da ranar da aka sa mata ta zo, ta tafi ita kaɗai da cikinta fayau. A ƙofar asibiti ta ga wata mai awara mai fuskar mutunci, ta ja ta gefe suka yi magana, suka shiga tare. Ta ce wa nas ga ƙanwarta.

Nas ta dubi ƙanwar. "Mama, wannan ai Ma'u ce. Da safen nan na ci awararta."

"To masu awara ba su da 'yan'uwa ne?"

"Ma'u, ina gidan yayar taki?"

Ma'u ta yi tunani, ta nuna wani waje da in aka bi shi sai a faɗa ɗakin wanki. Daga nan ta ce ta bar mai a kan wuta, ta fita.

Aina'u ba ta iya zaman gida da rana, don haka sito ta nufa. Ta zauna a tabarmarta ta ɗauki faifai, tsakuwa da zoɓo duk sun zama abu ɗaya a idonta. Maganar likita ce ke yi mata yawo, abin nan da ake so a kama tun yana ƙarami. Ta daɗe tana juya zoɓon da ta riga ta gyara kafin ta yi gyaran murya.

"Maman Daniel, akwai wata mata a unguwarmu."

"Allah sarki."

Ta ba ta labarin matar tun daga jini har mai awara. Hannatu na tsinta, ba ta ɗago ba.

"Wannan ai an yi mini bara waccan," in ji ta. "Na sha ƙwaya, aka yi mini allura, na ce in akwai ƙari a ƙaro. Nas ta riƙe mini hannu, na yi ta yi mata waƙar coci har aka gama. Ita matar unguwar taku me ya hana ta shan ƙwayar?"

"Mai dauriya ce."

"To ta daure ta raka kanta."

Janareto na ta ruri a bayan sito. Wata tirela ta yi baya-baya ta toshe hasken ƙofa. Aina'u ta ajiye faifai.

"Ni ce."

"Na sani. Ke yaushe kika taɓa damuwa da wata mata?"

"Za ki raka ni?"

"Me ya sa aka fasa na farkon?"

"Likitar yarinya ce."

Hannatu ta ci gaba da tsinta. Ta tsinci tsakuwa ta jefar, ta tsinci wata ta duba ta kamar za ta saya, ita ma ta jefar.

"Da zafi," in ji Aina'u.

"Janareton nan ya cika ƙara. Me kika ce?"

"Na ce da zafi, Maman Daniel."

Matan tabarmar gaba suka daina sheƙe riɗi. Babu wadda ta waiwayo, amma kunnuwa sun waiwayo.

"Ya kai haƙori?"

Aina'u ta yi lissafi tsakaninta da Allah. "Ya ɗan ɗara."

Hannatu ta gyaɗa kai kamar alƙalin da aka kawo wa shaida ta ƙarshe. Ta buɗe jaka ta tono rabin burodi daga ƙarƙashin magunguna ta miƙa mata, ta ce ta ci kafin ta sake zuwa hutu a kan kayan mutane.

Da aka sake sa rana tare suka tafi, Hannatu da kayan zuwa coci, tana gaisawa da ma'aikatan asibitin ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Aka sa wa Aina'u allura a bayan hannu. Ta buɗe baki za ta ce wa mai allurar ita barcin rana ba ya ɗaukarta, sai ta ga Hannatu zaune a gefenta tana ɓare lemo, ta ce mata an gama tuntuni.

Tsiro ne aka samu, kamar ƙwallon dabino, aka cire shi a take. Kafin labarin ya isa Ringim ya kai gwanda, kuma ban san wanda ya ƙara masa girma ba. Likita ta ce za ta ɗan yi ciwon mara da ɗigon jini na 'yan kwanaki, ta sha ƙwaya ta huta, amma in ta ga zazzaɓi, ko jini da yawa, ko wari, ta dawo ba tare da shawara da dauriya ba. Hannatu ta haddace wannan ta yi ta maimaita mata a adaidaita sahu, har direban ma ya iya. Ta kwana a ɗakin Aina'u, ta tsaya a kanta sai da ta ga ƙwayar ta wuce maƙogwaro. Daga baya sakamakon gwaji ya fito, tsiron ba mugu ba ne. Jini ya ɗauke, salla ta koma daidai.

Ni sai bayan an gama komai aka gaya mini, wai don a rage ɓarna. Na sayi ayaba na tafi dubiya. Na same ta jingine da bango, Hannatu na gefe da jakarta a cinya.

"Uwargida, ashe abin da ya faru ke nan. Ya jikin?"

Kowa ya san amsar wannan tambaya. Bahaushe ko ana auna masa likkafani, da sauƙi zai ce. Har na ɗaga ƙafa zan nemi takalmina.

Aina'u ta dube ni, ta matsa ta buɗe mini gefen tabarma.

"Zauna," in ji ta.

Ta fara daga mara. Ta koma ƙugu, wanda ashe tun haihuwar Sumayya bai koma wurinsa ba. Ta hau gadon baya, ta sauko kafaɗa, ta ce akwai wata jijiya a wuya da take son yi mini bayaninta a natse. Kowane ciwo ta ambata, Hannatu ta laluba jaka ta ɗago maganinsa ta nuna mini. Da hantsi na shiga gidan. Da aka kira azahar muna gwiwar hagu.