Igiyar Baffa

Da ciwon ƙafa ya hana Baffa, mahaifina, bin shanu, sai muka ɗauko shi daga ruga muka kawo shi gidanmu na Manawashi. Bai yarda ya shiga mota ba sai da aka loda masa abin da ya rage na garkensa, wata jar saniya da 'yar karsanarta. Ya ce jinin shanun babansa ne, daga su babu saura. Maigidana ya kafa musu turke a bayan gida, kusa da filin da unguwa ke zubar da shara. Ni kuwa na yi ta mita, don ban san inda zan kai kashin shanu a tsakiyar gari ba.

Ni ce 'yar farinsa, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. "Ke wannan" nake a bakinsa, har na tara 'ya'ya.

Da hantsi yakan saki shanun su yi kiwo a filin har bakin kwari, yana binsu da sanda a hankali. Da rani ya yi nisa sai jar saniyar ta fara ramewa, ciki kuwa tim kamar mai juna biyu. Daga baya ta daina tuƙa. Baffa ya ba ta kanwa, ya jiƙa sassaƙe, duk a banza. Ranar da ta kasa tashi aka kira mahauci. Da ya farke tumbin, ya jawo wani dunƙule da ya kusa cika daro: baƙar leda, ledar ruwa, zaren buhu, har da igiyar silifa. Na kawar da kai saboda wari. Baffa bai yi hawaye ba, Bafulatani ne. Cewa kawai ya yi, "A ba ni." Ya ja dunƙulen ya zaga baya da shi, na ɗauka binnewa zai yi. Naman kuwa ko romonsa bai kurɓa ba.

Washegari na leƙo na gan shi a filin shara, yana tsinto leda da bakin sanda. Raina ya ɓaci matuƙa.

"Haba Baffa! Mutane sai su ce ba ma ciyar da kai."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ke wannan, mutanen suna da karsana?"

Haka zaurenmu ya koma wurin tara kaya. Tsofaffin buhuna yakan wanke su, ya warware zaren, ya zauna a kan buzu yana tufka igiya a cinyarsa kamar yadda yake yi da rama a ruga. Leda da fasassun robobi kuwa 'yan bola jari yake kira su kwashe. Sun gaya masa ana niƙawa a narka a yi buta da bokiti. Ya juya butar alwalarsa yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba, ya ce to madalla, gara leda ta shiga masallaci da ta shiga cikin saniya.

Maƙwabciyarmu 'yar Borno ce ta fara aiko masa da buhunan shagon mijinta, ya tufka mata igiyar shanya. Kafin ka ce me, matan layin duk sun daina jefar da buhu, wannan tana son igiyar guga, waccan ta ɗaure akuya. Na riƙa tsokanarsa da Sarkin Bola, yana murmushi yana cewa ai sarauta ko ta mece ce a karɓa. Gaskiya dai filin ya yi fes. Hayaƙin ƙona shara da ke sa autana tari ya ragu, kuma da ruwan farko ya sauka, kwatar layin ta wuce da shi salin-alin, bai shigo mana zaure ba kamar kullum. Ban faɗa masa na lura ba, kada kansa ya yi girma.

Ana cikin haka sai karsanar ta ƙi cin dusa. Ta tsaya kai a ƙasa, babu tuƙa. Gabana ya faɗi, don ita ma ta yi kiwo a filin nan tare da uwarta. Likitan dabbobi ya zo ya taɓa cikin, ya ce ba zai iya rantsewa da abin da ke ciki ba. Ya ba ta magani, ya ce a jira. Baffa ya gajarta mata igiya, ya dawo da buzunsa gindin turken. Na kai masa fura, na dawo na same ta yadda na ajiye. Na kai tuwo, haka. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na yi kuka a madafa inda ba zai ji ba. Na san mahaifina. In karsanar nan ta tafi, ba zai daɗe a bayanta ba, ni kuma ban shirya rasa shi ba.

Wata safiya ina shara na ji muryarsa, a dushe. "Ke wannan! Zo ki ji."

Na yar da tsintsiya na ruga. Karsanar na kwance, ido a lumshe, muƙamuƙi na juyawa a hankali. Tuƙa take yi. Na durƙusa kusa da shi na dafa wuyanta, sai hannuna ya taɓa igiyar. Ba irin fararen da yake tufka wa matan layi ba ce. Wannan ta dafe, ta yi ruwan ƙasa, duk ƙulli.

"Baffa, wannan fa daga ina?"

"Daga cikin uwarta," ya ce. "Na tsince zaren, na wanke. Tun ranar nan, da shi nake ɗaure ta, kada ta kai bakinta inda uwar ta kai."

Na shafa ƙullin igiyar. Shi kuma ya share fuska da gefen rawani, wai ƙura ce, alhali ƙasa a jiƙe take. Ya dubi ƙwaryar da ke gefensa.

"Ke wannan, furar nan ta yi tsami. Damo wata."