Injin da Kawu Bai Samu Ba

Jiya ina share gareji na tsinci sukundireban Kawu, ƙotarsa ta yi santsi. Kawu ba ya sayen inji da ido. Sai ya ɗora bakin sukundireba a jikinsa, ya kara kunne a ƙota, ya saurara.

Da ya tsufa, ya ƙera irin akori-kurar da ya yi jigilar gero da ita daga Fakku zuwa Tambuwal yana saurayi. Komai ya kammala, har koren fentin, sai inji. Na kai shi garin Dogon Daji, aka tayar mana da wani inji mai ƙarfi. Ya daɗe yana saurare cikin warin baƙin mai.

"Lahiyatai lau, ɗana," ya ce, "amma ba muryatta ce ba."

Har yau motar tana tsaye ƙarƙashin dalbejiya. Inji uku na kara wa kunne bayan rasuwarsa, na kasa zaɓe. An sayar da waccan motar ta samartakarsa kafin a haife ni, ban kuma taɓa tambayarsa yadda kukanta yake ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya jiyar da shi abin da kunnensa ya yi kewa.