Muryar matarsa tana aljihuna

Wata rana, ranar kasuwa ce, ina zaune a rumfata ta cajin waya a bakin tashar mota, sai wani dattijo mai farar hula ya yi sallama.

Kun dai san ni. A aji uku na sakandare na ajiye biro, amma duk tashar nan Injiniya ake kirana. Ni na raɗa wa kaina sunan, kuma har yau ba wanda ya yi gardama. Wayar da ta gagare ni, a jefa ta rijiya kawai.

Dattijon ya kwance wani tsohon ɗankwali a hankali, ya fito da babbar wayar nan, tablet, gilashinta ya tsage ta gefe.

Ya ce wata biyu ke nan da rasuwar matarsa. Tana kwance a asibiti ta yi masa saƙon murya da wayar 'yarsu, 'yar ta turo masa. Ya danna, saƙon ya sauka, ya saurara sau ɗaya. Daga baya jikoki suka yi wasa da tablet ɗin, hirar ta goge. Wayar 'yar kuma ta faɗa ruwa ta mutu.

Ya ce, "Ɗana, an ce mini duk abin da ya sauka yana da ɗakin da yake kwana a ciki. Ni ɗakin ne ban sani ba."

Ko minti biyu ban yi ba. Na buɗe manhajar fayiloli, na shiga foldar da abubuwan da aka sauke suke taruwa. Ga shi nan, murya ɗaya tak, minti ɗaya da daƙiƙa tara.

Da a nan na tsaya.

Amma ina da wata tsiya da na saba yi wa mutane. In na gano abu, sai in kwashe shi gaba ɗaya zuwa ɗan katin memori, in nuna wa mai shi folda wayam, in bar shi ya tafi taku goma. Sannan in kira shi, in yi kamar na zaro katin daga hularsa. 'Yan tasha su yi shewa, ni kuma in ƙara tsawo.

Na kashe wa Tanimu mai rake ido. Ya gane, ya gyara zama.

Na kwashe muryar. Ban kwafa ba, kwashewa na yi. Na zare katin na danne a tafin hannuna, na juya masa allon.

Na ce, "Baba, ɗakin ga shi, amma ba kowa a ciki."

Ya daɗe yana kallon allon.

"Ka duba da kyau, ɗana?"

"Baba, Injiniya fa kake magana da shi."

"To. Allah bai nufa in sake jin ta ba. Na gode, Allah ya yi maka albarka."

Ya naɗe tablet ɗin a ɗankwalin, ya ɗaure bakinsa sau biyu. A lokacin na lura ɗankwalin na mace ne.

Ya juya. Ina ƙirga takunsa ina murmushi. A na shida wata motar albasa ta kawo kai tana baya da baya, ta tsaya tsakaninmu. Kafin ta matsa, babu dattijo.

Na bar rumfar a buɗe. Na leƙa duk motar da ke lodi, na tambayi 'yan kamasho ɗaya bayan ɗaya. Ranar kasuwa, dattijo mai farar hula ya fi ɗari. Ban tambaye shi sunansa ba. Ban tambaye shi garinsu ba.

Da na dawo, Tanimu bai yi dariya ba. Bai ma kalle ni ba.

Sai bayan kwana uku na iya sa katin a wayata. Muryar wata tsohuwa ce, tana magana tana hutawa:

"Malam, ni ce. Maganinka na safe yana cikin kwanon sha a kan taga, kada ka ce ka manta. Ka daina yi wa Ramlatu faɗa, 'yar nan taka tana ƙoƙari. In na dawo zan ɗinke maka aljihun rigar nan, kada ka kai wa tela."

Shi ke nan saƙon.

Yau wata bakwai katin yana aljihuna, a naɗe cikin takarda. Na kwafe shi wuri uku. Duk ranar kasuwa ina zuba ido a ƙofar tasha.

Darasi: Abin da ka sauke mai daraja, ka san inda yake, ka kwafe shi wuri biyu tun yau. Kai kuma mai ɗan sani irina, in mutum ya miƙo maka abu da hannu biyu, ba ranar wasa ba ce.

Ban saba roƙo ba, amma ku tura wannan gaba. In kun san wata Ramlatu da mahaifiyarta ta rasu a asibiti, babanta yana yawo da tablet a ɗankwali, ku ce masa ɗakin ba wayam yake ba. Ƙarya na yi masa. Ya zo ya karɓa.