Hagun Sadiku

Har gobe ban manta da ranar da muka je wasa Giza ba, a shekarata ta farko ta zama kocin ƙwallon kwando na wata kwaleji a Alƙahira. Aikin gwaji nake yi a lokacin. Ustaz Magdi, shugaban sashen wasanni, ya ce mini idan muka tsallake wannan zagaye za a tabbatar da ni, idan aka fitar da mu kuwa, "ma'alish ya kabtin," wato sai haƙuri.

Yawancin 'yan wasana ɗaliban addini ne daga Kano da Zariya. Ga wanda bai san wasan ba, koci yana tsaye ne a gefen fili yana faɗa wa yaransa ta inda za su kai hari, abokan karawa kuma suna jin sa. Ni ban damu ba, don da Hausa nake magana. Misirawa sai dai su bi ni da ido.

Ran nan abin ya ƙi ci. In na ce "dama", sai in ga masu tsaronsu sun riga mu can. In na ce a miƙa wa Sadiku, gwaninmu, sai mutum biyu su rufe shi. Ina share gumi wani dogon ɗan wasansu ya gifta ta gabana, ya ɗan rusuna.

"Sannu da aiki, Baba. Ka ɗan ɗaga murya, ban ji ta ƙarshen ba."

Ashe Bahaushen Sudan ne, sunansa Usman, shi ke fassara musu da Larabci. Yarana na kan benci suka kwashe da dariya har wani ya faɗo ƙasa.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na tara su. Na ce, "Daga yanzu hagu dama ce, dama hagu ce. Kun gane?"

Suka ce, "Tamam, Koci."

Dabarar ta yi aiki, muka yi ta zura ƙwallo har muka kusa kamo su. Sai Usman ya gano mu. Ya juyo ya kaɗa mini yatsa yana murmushi.

Ana dab da tashi suna gabanmu da maki ɗaya, ƙwallo na hannun Sadiku. Na daka tsawa, "Hagu!" ina nufin dama. Usman ya kwashi mutanensa kaf suka tare dama. Sadiku kuwa ya bi hagun gaske, ya tarar ba kowa, ya jefa a kwando. Alƙalin wasa ya busa tashi.

Ban san lokacin da na shiga fili ina tsalle ba, takalmina ɗaya ya fice. Na rungume Sadiku na ce, "Yaya aka yi ka karanto su?"

Ya ce, "Wallahi Koci, mantawa na yi."

Usman ya zo ya gaishe ni a ladabce, ya ce mahaifiyarsa da ke unguwar Hadayek el-Maadi za ta so jin Hausar Kano. Juma'ar da ta biyo baya muka cika mata falo. Ustaz Magdi kuma ya tabbatar da ni, yana ta yabon hikimata, ni kuwa ban gyara masa ba.

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku tsara wasanku da kyau, amma ku sani yaran ne ke buga shi, da kaifinsu da mantuwarsu. Kuma a Alƙahira, kafin ka yi Hausa da ƙarfi, fara gaida dogon da ke kusa da kai.