Rantsuwar Babanmu a Kan Shinkafa

Babanmu direba ne, bai taɓa riƙe fartanya ba sai da ya ajiye aiki. A lokacin ne aka tare ruwan teku da ganuwar ƙasa, aka busar da wata fadama aka raba wa mutane. Ya samu komi biyu na shuka shinkafa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya dawo gida yana taku kamar ya sayi gari.

Shekarar farko shinkafar ta tsaya iya gwiwa, bakin ganyenta ya ƙone, zangarniyar kuwa ba ƙwaya. Ƙasar ta yi fari fat da gishiri. Mama ta tuntsire da dariya, shi kuma ya fusata ya rantse ba zai ƙara kai shinkafa baki ba sai ta gonarsa. Mu 'ya'yan kirki ba mu fasa cin ta kasuwa a gabansa ba, ni har da neman ƙari.

Maƙwabta suka ce wanke ƙasar ake yi: a cika komi da ruwan daɗi, ya narkar da gishirin, a sake shi. Baba ya naɗa ni mai buɗe ruwa. To shi ko ɗigon mai ya zube ransa ɓaci yake, balle ruwan da ya sha wuya ya jawo. Sai muka riƙa sakin na komin sama cikin na ƙasa, in ya kwanta mu mayar da shi sama da inji. Shekara da shekaru muna yawo da gishiri tsakanin komi biyu, ni ina ta cika baki ina koya wa masu wucewa dabarar.

Baba ya tsufa a kan rantsuwarsa. Mama ta daina dariya, tsoro ya kama ta.

"Malam, ka yi kaffara ka huta mana."

"Ba na yi."

Saniyar wani ce ta cece mu. Ta tattake gefen komin ƙasa, ruwan ya tsere magudana da gishirinsa, na bi ta da jifa da zagi. A shekarar nan gonar ta yi kore, muka samu rabin buhu.

Kafin nan likita ya hana Baba gishiri saboda hawan jini. Mama ta dafa masa shinkafar gonarsa fara, ba gishiri, ya kai loma.

"Baba, ba ta yi lami ba?"

"Bar min ita haka, ɗana. Na ga gishirin da ya ishe ni."

Tausayinsa ya kama ni, na kasa cin tawa.