Ɗan Farin Koci

Ni ne gola a ƙungiyar ƙwallon garinmu, can wajen Kajiji, kuma wallahi har yau in na tuna yadda ta mutu raina ɓaci yake yi. Kunya ce ta kashe ta, ni shaida ne.

Kocinmu makanikin injin ban-ruwa ne. Shi ya tara mu, shi ya roƙo mana filin bayan firamare, shi ya saro itacen da aka kafa raga. A hannunsa muka yi tashe. Mun ci Horo Birni a gidansu, mun ci Sifawa har masu babura suka rako mu gida suna ta ham.

Sai ɗan farinsa ya tasa. Siririn yaro, ba ruwansa da surutu, amma in ƙwallo ta zo ƙafarsa, to gola ya shiga uku. Ni na sani, ni nake shan ta a wajen atisaye. To ka san al'adarmu da ɗan fari: uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ko kallon kirki ba ya yi masa a gaban mutane. Koci ya ɗauko wannan kacokan ya kawo fili. Ba ya sa shi sai wasa ya kusa tashi. In ya shiga ya ci, sai Koci ya sunkuyar da kai kamar an kama shi da akuyar sata, ya fito da shi.

Mu kuwa 'yan farko jiki ya fara nauyi. Wannan ya yi aure, wancan gwiwa ta hana shi gudu. Aka fara cin mu, yau a nan, gobe a can, ga maganin yana zaune a benci. Sa'o'in yaron suka ga abin ba na yi ba ne, suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. 'Yan kallo ma suka koma gidan kallon ƙwallo.

Ran nan na sami Koci yana kwance wani inji. Na ce, "Koci, don girman Allah mi yaron ga ya yi maka?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "So kake a ce don ɗana na kafa ƙungiya? Ni ma haka tsohona ya riƙe ni."

Na ce, "Tsohonka bai da ƙungiya!" Ya ci gaba da aikinsa, na tafi ina huci.

Abin da ya ƙarasa mu wasan Bodinga ne. An ce wani mutum zai zo daga Sakkwato neman yaran da za a ɗauka babbar ƙungiya, kuma ya zo, mun gan shi. Yaron ya ɗaure takalmi tun kafin a busa usur, yana ta kallon ubansa. Aka zuba mini ƙwallaye har na daina ƙirgawa. Jama'a na ihu a sa shi, ihun nan kuwa shi ya ƙara ɗaure Koci. Har aka tashi bai waiwaye shi ba.

Bayan girbi yaron ya tafi Kudu acaba. Muka kasa cika goma sha ɗaya, da damina ta zo aka shuka gero a filin.

Bara aka dawo da shi, mota ta murƙushe masa ƙafa. Na je dubiya, na tarar da Koci shi kaɗai a zaure, ya tsufa ƙwarai. Ashe bai shiga ɗakin ba tun da aka kawo shi. Na shiga na duba yaron, da na fito Koci ya riƙo hannuna.

"Wace ƙafar ce?"

Na ce ta hagu.

Ya saki hannuna. Can ya ce, "Da ita yake bugawa. Ban taɓa ganin mai hagu irinsa ba, ko a talabijin." Sai hawaye.

Ni ma na kasa riƙe nawa. Na ce, "Haba Koci! Ni kake gaya ma? Ga shi can kwance, tashi ka gaya mashi."

Ya tashi kuwa. Ina bin sa a baya har ƙofar ɗakin. Yaron ya yunƙura zai zauna, idonsa a kan ubansa. Koci ya dafa bango, bakinsa na motsi.

Ya ce, "Sannu." Ya juya ya koma zaure.